Sawun Hannun Gwadabe

An kira ni rushe wani zaure a Yakasai,
za a yi shaguna huɗu, a ɗora bene.
Na zo da diga da yara biyu.
Mai gidan yana waya, da haɓa ya nuna mini bangon.

Na ɗaga kai in ga inda zan fara.
Bakan gizo ya rungume rufi,
azara a jere kamar haƙarƙarin raƙumi,
can kusa da ɗaurin guga, inda hasken taga ke sauka,
yatsu huɗu kwance cikin yaɓe,
na biyar ɗin guntu ne.
Na san hannun nan.
Ya sha murɗe mini kunne.

Gwadabe magini, ubana,
wanda azara ta cinye wa rabin babban yatsa,
shi ne mai ɗanɗana ƙasa da harshe kafin ya kwaɓa.
Ta kududdufin nan tana da gishiri, in ji shi,
bango zai yi kuka da ita bayan damina uku.

In ruwa ya janye, Sarkin Gini ya aiko,
mu kama hanyar Ƙofar Kudu tun da sassafe,
ni da kwandon tubali, shi da igiyar awo.
A bakin soro muke tuɓe takalma.
Dogari cikin ja da kore ya dube mu, ya kau da kai.
Ban taɓa ganin fuskar Sarki ba.
Rana ɗaya dai kakaki ya tsaga iska,
muka zube inda muke,
takalmin gashin jimina ya wuce ta gaban hancina
a hankali, kamar ba ya son taka ƙasa.
Baba ya raɗa mini bayan an wuce:
tagwayen masu nasa ne, tambari nasa ne,
amma in indararo ya toshe, mu ake nema.

Katsi kuwa sai Ƙofar Mata.
Abin da marina suka gama da shi a gindin karofi,
shi muke saye mu yi laso.
Shuɗin rawanin attajiri da rufin ɗakinsa
daga rami ɗaya suka fito.

Ranar biya, sai Kurmi.
Lungu ya haifi lungu, rumfa ta jingina da rumfa,
ƙanshin kimba da kanumfari ya ja ka nan,
warin sabuwar fata wajen dukawa ya ja ka can,
mai ƙwarya yana ƙwanƙwasa hajarsa a ji ba tsaga.
Baba ba ya sayen komai, taya kawai yake yi,
albarka, in ji su, ya yi dariya mu wuce.
Kuɗinsa na Uwale ne a bakin Jakara,
mai ciro gurasa daga tanderu da hannu tsirara.
Ta yayyafa ruwa, ta barbaɗa ƙuli da yaji,
man gyaɗa, albasa, bandashe ke nan.
Ya ba ni tsakiya, ya ci gefen da ya ƙone.

Yanzu bulo nake ɗorawa, siminti ya ci mini tafi.
Badala ma ga ta can tana zaizayewa,
ana ɗibarta da baro cikin dare.
Wa zan zarga? Kuɗin makarantar Binta na jira,
kuma na riga na karɓi kafin alƙalami.

Na ce wa yara su je su karya tukuna.
Na hau tsani da wuƙar yaɓe,
na zagaye hannun nan a hankali,
kamar mai yanka alkaki ranar buɗar kai.
Ya ɓanɓaro gaba ɗaya, da ƙaiƙayi a bayansa.
Na ɗora tafina a kai. Nawa ya fi girma.
Ban taɓa sani ba.

Na naɗe shi a takardar buhun siminti,
na ajiye a inuwa, nesa da ƙafar mutane.
Mai gidan ya gama waya, ya ce, Malam, yaya dai?
Na ce, yanzu za mu fara.
Na tofa yawu a hannu, na ɗauki diga,
na soma daga bangon yamma.